Babi na Biyar: Daga Ƙonni zuwa Ingal a kan babur

Duk wanda zai ɗauki hanyar arewa a kan babur daga Birnin Ƙonni, lissafin mai yake fara yi kafin lissafin guzuri. Ƙonni garin mai ne. Iyaka tana nan kudu da gari, tafiyar ƴan mintoci, Illelar Najeriya tana tsallake, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba. Shekara da shekaru mai mai rahusa yana ƙetarowa cikin jarkoki, a jera shi a kwalabe bakin hanya, wanda mutanen Nijar ke kira ruwa-ruwa. A kan wannan man ne sana'ar kabu-kabu ta tsaya da ƙafarta a garin tun shekarun 1980, kuma da shi samari suka koyi cewa babur yana iya kai mutum inda mota ba ta zuwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashi ya kusan ninkawa sau uku cikin ƴan kwanaki. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka har zuwa watan Maris 2024. Tun daga lokacin, mai niyyar Abalak ko Ingal yakan zauna ya ƙirga lita-lita, ya san wadda zai zuba a tanki, wadda zai ɗaure a baya, da inda zai sayi ta gaba.

Baburan da ake wannan tafiya da su ƙanana ne, masu injin 125 ko 150, ƙirar Sin ko Indiya: Kasea, Haojue, Boxer da ire-irensu. Tankinsu lita goma da ɗoriya yake ci, abin da zai kai mutum kilomita 300 ko fiye idan kwalta ce mai kyau kuma kaya ba su yi nauyi ba. Amfaninsu shi ne babu sirri a jikinsu. Kusan duk garin da ke da kasuwa yana da yaron da zai kwance injin ya mayar a gindin bishiya, kayan gyaransu kuma suna rataye a shago tare da sabulu da ganyen shayi. Kafin tashi ana kai shi wurin makaniki. A sauya baƙin mai, a ɗaure sarƙa, a duba birki, a wanke matatar iska.

"Maigida, Ingal zan tahi," yaro zai ce.

Makanikin ba ya tambayar dalili. Zai matsa tayar baya da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce: "Wagga ba ta kai ka Abalak. Canza ta, ka ɗauki tub biyu da fulogi. Allah shi kai ka lahiya."

Sai ɗauri. Jarkar mai a gefe ɗaya, ta ruwa a ɗaya gefen, don nauyi ya daidaita. An fi son jarkar ruwa wadda aka ɗinke da buhu, a jiƙa ta, iskar tafiya ta sanyaya abin da ke ciki. Tabarma ko bargo, buta, kayan shayi, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, famfon hannu, gam da faci, sifana biyu ko uku. A ɗaure duka da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub. Mai tuƙi ya naɗa rawani ya rufe hanci da baki, ya sa tabarau.

Turawa sun daɗe suna ɗaukar wannan ƙasa filin gwada jarumta. Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓata a kan babur cikin Tenere a 1977, aka ceto shi, daga nan ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978 ya bi ta Agadas da Yamai. Su suna da jirgin sama mai neman wanda ya ɓata, da motoci masu bin su da kayan gyara. Mutumin Adar da ke hawa babur ya nufi arewa wata buƙata ce ke tura shi. Akwai dillalin dabbobi mai zagaya rugage kafin ranar kasuwa, akwai malamin makaranta da aka tura wani ƙauye a Azawak, akwai ma'aikacin lafiya da akwatin rigakafi, akwai mai kai saƙon rasuwa ko na biki. Tun 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan, an ƙara da samarin da ke zuwa neman sa'a. Adarawa dama mutanen cin rani ne, an san su a Abijan da Kano da Libiya. Babur ya ba su abin da motar haya ba ta bayarwa: mutum ya tashi sa'ad da ya so, ya ratse inda ya ga dama.

Daga Ƙonni ana bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, har Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta balle ta yi arewa. Wannan yanki gajere ne amma shi ya fi cunkoso. Gabas kaɗan akwai Malbaza da masana'antar simintinta da ke aiki tun shekarun 1960, gaba kuma Galmi, garin albasar da ta yi suna har bakin teku. Manyan motoci ɗauke da siminti da buhunan albasa ba su cika ganin mai babur ba, iskar wucewarsu kaɗai tana iya jefa shi gefen hanya idan kayansa sun yi tudu. Abin da mutane ke tsoro a tafiyar arewa shi ne daji, alhali a nan, kan kwalta, tsakanin jakuna da amalanke da tirela, ake yawan karyewa. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya saba karɓar irin waɗannan raunuka.

Da an wuce Gidan Idar ƙasa takan sauya fuska. Kwarin Magiya da lambunansa sun koma baya, an hau tudun Adar: jan dutse, fako, tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwazazzabai da ruwan damina ya tsaga. Wanda ke cikin mota yakan wuce wurin nan yana barci. Mai babur yana ganin komai, domin dole idonsa ya kasance a ƙasa. Zai ga gonakin da aka tona ramuka jere a kan fako, da layukan duwatsu da aka shimfiɗa don tare ruwa, da waɗansu ramukan masu siffar rabin wata. Wannan aiki yana da tarihi. Bayan yunwar 1984, a shekarar 1989, wasu manoman yankin Illelar Nijar suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara tsohuwar dabarar rami, a faɗaɗa shi, a zuba taki, a shuka a ciki. Suka dawo suka gwada. Tassa, kamar yadda ake kiran ramin a nan, ta bazu a kewayen Badagishiri har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa. Ina ganin duk mai son sanin halin Adarawa ya tsaya a gefen irin wannan gona ya dubi yawan ramukan, ya tuna da hannu aka tona kowane ɗaya, cikin zafin bazara, a ƙasar da ke mayar da fartanya.

Illela tana yamma da babbar hanya, sai an ratse. Can ne gidan Sarkin Adar, kuma asalin gidan daga inda matafiyinmu ya nufa yake. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya sauko da rundunarsa ya ci Adar, zuriyarsa suka ci gaba da sarauta. Masanin tarihi Djibo Hamani ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1975. Ma'ana, hanyar da babur ke bi yau tsohuwa ce. Raƙuma sun bi ta ɗauke da gishiri da dabino zuwa kudu, suka koma da gero da tufafi. Abin da ayari ke yi a makonni, babur yana yinsa a kwana biyu ko uku. Sai dai ayari yana ɗauke da madugu wanda ya san kowace rijiya da mai ita, mai babur kuwa sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu.

Tawa tana da nisan kilomita kamar 130 daga Ƙonni. Nan ake cika tanki, a ci abinci mai zafi, a kira gida. Nan kuma ake tambayar labarin hanya, kuma wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a yau. Arewa da Tawa akwai Tiliya da Tasara, waɗanda aka sa cikin dokar ta-ɓaci a watan Maris 2017. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. A kan babura suka zo. Tun daga wannan rana ƙarar inji daga nesa ta daina zama albishir a rugagen Azawak. A da idan aka ji ta, yara ne ke fitowa da gudu, domin mai shayi da sukari ne, ko mai allurar dabbobi, ko ɗan gida ya dawo. Yanzu mata kan tattara yara su nufi bayan tudu har sai an ga ko wane ne.

Hukumomi sun daɗe suna amsa irin waɗannan hare-hare da hani. A Difa an hana hawa babur a 2015, a sassan Tilaberi a Janairu 2020, a Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma aka hana sayar da mai a jarka a wasu yankuna a ƙarshen daminar 2021. Na fahimci dalilin, kuma ba na raina jinin sojan da aka kashe a kan hanya. Amma wanda ya san karkara ya san wa hanin ke fara kamawa. Mai naƙuda da za a kai asibiti, manomin da zai kai albasa kasuwa, saurayin da kabu-kabu ce kaɗai sana'arsa, su ne ke tsayawa. Ɗan bindiga bai taɓa neman izini ba. Kuma saurayin da aka raba da abin cinsa, aka bar shi zaune, shi ne wanda masu ɗaukar mayaƙa ke nema. Shi ya sa matafiyi mai hankali ba ya barin Tawa sai takardunsa sun cika: katin ɗan ƙasa, takardar babur, rasiɗin duwan. A kowane shinge ya kashe inji tun daga nesa, ya sauke rawani daga fuskarsa, ya bari jandarma ya gan shi sarai kafin ya matso.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ta arewa maso gabas, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom daga Arlit. Daga Tawa zuwa Agadas kilomita kamar 400 ne. Kafin a yi nisa ana isa Tabalak, inda tabki ke kwance tsakanin tuddan yashi, da masunta da lambuna da soyayyen kifi a bakin hanya. Nan ne wuri na ƙarshe da ido zai ƙoshi da ruwa. Daga nan gonaki sai su riƙa sirancewa har su ƙare. Akwai ma doka a kan haka: a watan Mayu 1961 Nijar ta ja layin da noma ba zai wuce ba, abin da ke arewa da shi na makiyaya ne. Yawan jama'a ya sa gonaki sun daɗe da tsallake layin, kuma rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya daga nan suke tasowa. Abalak ita ce ƙofar ƙasar kiwo, garin Abzinawa da Fulani da Larabawa, da Hausawa ƴan kasuwa. Wanda bai cika jarkarsa a nan ba ya yi ganganci.

Bayan Abalak, wajen Tamaya, kwaltar ta daɗe da mutuwa a wurare da yawa. Manyan motoci sun farfasa ta, gefunanta sun zama kaifi mai yanka taya, har direbobi suka gwammace su sauka su yi tasu hanyar a cikin daji. A nan ake gane wanda ya iya tuƙi. Yashi ba ya son mai tsoro. Idan ka rage wuta tayar gaba ta nutse ta kayar da kai, idan ka danne birkin gaba ka faɗi nan take. Ana rage iskar taya kaɗan don ta baje, a koma giya ta biyu ko ta uku, a ja jiki baya, a saki hannu kan ya yi rawarsa, a riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi. Sawun mota rami biyu ne masu zurfi, wanda ya shiga ɗaya sai ya bi shi har ƙarshe, domin ƙoƙarin fita a tsakiya shi ke kawo faɗuwa. Injin ƙaramin babur iska ce ke sanyaya shi, a yashi kuwa yana aiki da ƙarfi alhali gudu kaɗan ne, don haka yakan yi zafi. Dole a tsaya a inuwa a bar shi ya huce. Mai kuma yana tafiya fiye da yadda aka saba, lissafin da aka yi a kan kwalta ba ya aiki a nan.

Sai ƙaya. Aduwa da kandili da farar ƙaya suna zubar da ita a ƙasa, kuma inuwar da ka gudo ka fake a cikinta ita ce wurin da ta fi yawa. Gogaggen matafiyi yakan ajiye babur a rana ya shiga inuwar da ƙafa. Faci aikin kowa ne a wannan hanya: a kwantar da babur, a zare tub, a hura a saurara ko a shafa yawu a ga inda ke kumfa, a kankare, a shafa gam, a jira ya sha iska kafin a manna. Kafin a mayar sai an bi cikin tayar da yatsa a ciro ƙayar, in ba haka ba za a sake zama bayan ɗan lokaci. Ƙura kuma tana toshe matatar iska, inji ya riƙa shaƙewa yana cin mai. Sarƙa ma ba a cika mata mai a yashi, domin mai da yashi idan sun haɗu suna cinye haƙoran ƙarfe.

Lokacin tafiya yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ba a tuƙi tsakanin hantsi da la'asar sai dole. A lokacin hunturu sanyin asuba yana daskarar da yatsu har mutum ya kasa matsa kulochi, hazo kuma yana ɓoye tsaunin da ake saiti da shi. Da damina ciyawa ta rufe ƙasa, daji ya yi kyau ƙwarai, amma ƙoramu suna tasowa ba tare da an ga hadari ba, saboda ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa. Laka a filayen da ke kusa da Ingal tana cika tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne rijiya, da yadda ake isa gare ta. Rijiyoyin Azawak suna da zurfi, wasu gaba da yawa, raƙumi ko sa ko jakuna ke jan igiyar guga, yaro yana kora su har su yi nisa kafin ruwa ya iso baki. Kowace rijiya tana da masu ita, kowane garke yana da lokacinsa. Baƙo ba ya kutsawa da inji a kunne cikin dabbobin da suka kwana biyu ba su sha ba, zai tarwatsa su ya jawo wa kansa baƙin jini. Ana tsayawa nesa, a kashe, a tako da ƙafa, a yi sallama, a nemi babba.

"Baba, sannu da aiki. Baƙo ne, daga Ƙonni. A taimaka mini da ruwa."

Ba a hana matafiyi ruwan sha a wannan ƙasa. Amma kafin a nuna maka hanya sai an san ko kai wane ne, ɗan wa, wurin wa za ka. Hausa tana yi kusan ko'ina, ko da harshen gida Tamajak ne ko Fulatanci. Idan aka ce ka zauna a sha shayi, ka zauna, ko da rana tana tafiya, domin cikin kofi ukun nan za a gaya maka rijiyar da ta ƙafe, kwarin da ba a bi, da inda aka ga baƙin fuskoki shekaranjiya. Wanda ya zo da ɗan ganyen shayi da sukari ya ajiye ya yi daidai. Kwatancen makiyayi da itace da tudu da launin ƙasa yake, nisansa kuma da tafiyar raƙumi yake auna shi, sai mai babur ya mayar da "wuni guda" zuwa nasa lissafin. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya sauraro.

Waya tana kamawa a garuruwan kan hanya, tsakaninsu kuwa sai a hau tudu a ɗaga hannu. Don haka ƙa'idar tsofaffi tana nan: ka faɗa wa wani inda ka nufa da lokacin da ya kamata ka isa. Idan babur ya mutu a inda ba kowa, ba a barinsa a kama tafiya da rana tsaka, a zauna a inuwa a tattala ruwa, domin sawun taya ya fi sawun ƙafa saurin bi. Dare kuma ba na tuƙi ba ne. Fitila tana ɓoye rami, tana kuma sanar da kai ga wanda ba ka gani. An fi so a kwana kusa da mutane, bayan an nemi izininsu.

Ingal tana ratse daga babbar hanya, garin dabino a bakin ƙorama, mutanensa suna da harshensu, Tasawak. Arewa da ita akwai Tagidda, inda ake fitar da gishiri daga ƙananan tafkuna da aka gina da hannu. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, makiyaya daga ko'ina suke kawo dabbobinsu su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta, gwamnati kuma takan shirya babban taro a lokacin. A filin taron yanzu za ka ga raƙuma da adonsu a gefe guda, babura jere a ɗaya gefen, da yawansu na makiyayan ne da kansu. Sun sayar da ɗan maraƙi ko awaki sun saya, don neman inda ruwa ya sauka kafin a taso da garke, aikin da a da yake cin kwanaki a kan raƙumi.

Wanda ya zo daga Ƙonni ya riga ya yi fiye da kilomita 400. Idan Agadas ya nufa, saura tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka. Idan a nan buƙatarsa ta ƙare, zai kai babur wurin makaniki a sauya baƙin mai, a ɗaure ƙusoshin da girgiza ta sassauta, a duba wayoyin taya. Kuɗin cinikinsa ba ya ɗaukarsu a aljihu, yakan tura ta Nita ko Amana ya karɓa a gida. Wasu suna ɗora babur a kan babbar mota mai komawa kudu su hau tare da shi, idan jiki ya gaji ko labarin hanya ya ɓaci. Sauran sukan ɗaure gishiri da dabino da cuku a mazaunin baya, su cika jarka a farashin arewa, wanda ya fi na Ƙonni, su jira wani mai babur da ya nufi Abalak su tashi tare bayan sallar asuba.